Nailan daga amino asid: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga ɗaliban kimiyyar sinadarai a Sakkwato, da masu injin narka roba, da manoman da suka ji ana cewa zurma tana da kasuwa a waje. An fara da na tushe kafin a shiga masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna.

Nailan ɗin nan shi ne ledar da muke zuba kaya a ciki?

A'a. A Najeriya an saba kiran leda da sunan nailan, musamman a kudu, amma ledar kasuwa da ta ruwan sha foli'etilin ce, wadda babu naitirojin a cikinta ko kaɗan. Nailan na gaskiya shi ne abin da ake yin zaren koma da na fatsa da shi, da gashin buroshin haƙori, da zaren da ke cikin tayar mota, da zare mai ƙarfi da dukawa ke ɗinka takalmi da shi. Wallace Carothers ne ya fara haɗa nailan 66 a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, sannan Bajamushe Paul Schlack ya samar da nailan 6 a 1938.

Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce a yanki guntu a tsoma cikin kofin ruwa, a danna shi har kumfar iskar da ta maƙale ta fita. Leda da igiyar folifurofilin za su taso sama saboda sun fi ruwa sauƙi. Nailan zai nutse, domin nauyin nailan 66 ya kai ninki 1.14 na ruwa.

Mene ne amino asid, kuma me ya haɗa shi da nailan?

Amino asid ƙwayar sinadari ce mai hannu biyu: hannun amin mai ɗauke da naitirojin, da hannun asid. Idan hannun amin na wata ƙwaya ya kama hannun asid na wata, sai ƙwayar ruwa guda ta fita, su biyun su ƙulle. Wannan ƙulli shi ake kira amaid. Idan aka yi ta ƙullawa sau ɗari ko fiye, an sami sarƙa, kuma sarƙar da ƙulle-ƙullenta amaid ne ita ce foli'amaid, wato dangin nailan.

Jikin ɗan Adam da na dabba ma haka yake gina furotin, daga amino asid iri 20. Siliki da gashin tumaki duk irin wannan ƙulli ne ke riƙe da su. Bambancin yana ga tazara: a furotin ƙwayar kabon ɗaya ce tak tsakanin hannun amin da hannun asid, a nailan kuwa akwai jeren kabon mai tsawo a tsakani. Wannan jere ne ke ba nailan damar narkewa a zuba shi a mazubi, alhali gashi ƙonewa yake yi idan ya ji wuta.

Me lambobin 6, 66, 56 da 11 ke nufi?

Ƙidayar kabon ce. Lamba ɗaya tana nufin tubali iri ɗaya aka jera, mai hannun amin da na asid a jikinsa: nailan 6 tubalinsa kabon 6, nailan 11 kabon 11, nailan 4 kabon 4. Lamba biyu kuwa tubali iri biyu ne, na farko mai hannun amin biyu, na biyu mai hannun asid biyu. Saboda haka nailan 56 ba “hamsin da shida” ba ne, “biyar, shida” ake karanta shi. Haka 510 “biyar, goma” ne. A jikin buhu za a ga PA56 ko PA11, inda PA ke nufin foli'amaid.

A galibi, gwargwadon tsawon jeren kabon, gwargwadon raguwar shan ruwa da raguwar zafin narkewa. Nailan 66 yana narkewa wajen digiri 260 a ma'aunin Salshiyos, 56 wajen 250, nailan 6 wajen 220, nailan 11 wajen 190.

Yaya ake mayar da laisin nailan 56?

Laisin dai amino asid ne, masu kiwon kaji sun san shi, shi ne garin da ake ƙarawa a abincin kaji don masara ba ta da shi da yawa. Aikin mataki huɗu ne.

Da farko ana narka sitacin masara ko na rogo ya zama sukari, a ciyar da shi ga bakteriyar da ake kira Corynebacterium glutamicum a cikin manyan tankuna, a zafin wajen digiri 30, ana hura iska ana ƙara amoniya. Bakteriyar sai ta riƙa fitar da laisin cikin ruwan. Masu bincike na kamfanin Kyowa Hakko a Japan ne suka gano ta a tsakiyar shekarun 1950, kuma har yau da ita ake yin mafi yawan laisin ɗin duniya. Mataki na biyu shi ne cire wa laisin hannunsa na asid. Laisin yana da kabon 6, da hannun amin biyu, da hannun asid ɗaya. Wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da ake samu daga bakteriyar E. coli yana yanke hannun asid ɗin ya fita a matsayin iskar kabon dayokzaid, sai a bar kabon 5 da amin a kowane baki. Wannan shi ne kadabarin. Inzayim ɗin ba ya aiki sai da ɗan mataimaki da ake samu daga bitamin B6.

Na uku, a tace kadabarin ta hanyar turarawa, a haɗa shi da adifik asid, tubali mai kabon 6 da hannun asid biyu, a cikin ruwa, ƙwaya ɗaya ga ƙwaya ɗaya, a sami abin da ake kira gishirin nailan. Na huɗu, a zuba ruwan gishirin cikin tukunyar matsi da aka kore iskar cikinta da naitirojin, a ɗaga zafi sama da digiri 200 a matsin da ya kai wajen ninki 17 na iskar waje, sannan a riƙa sakin tururi a hankali ana ƙara wuta zuwa wajen 270. Idan ruwa ya gama fita, narkakken nailan ya yi kauri, sai a turo shi kamar taliya cikin ruwan sanyi a yayyanka shi ƙwaya-ƙwaya. Kamfanin Cathay Biotech na Sin ne ya fi shahara da yin wannan a babban mataki, kuma Toray da Ajinomoto na Japan sun sanar da haɗin gwiwa a kan wannan hanya a 2012.

Nawa ake bukata na kowane sinadari?

Lissafin yana fitowa daga nauyin ƙwayoyin. Laisin 146, kadabarin 102, iskar da ta fita 44. Ke nan kilo ɗaya na tsantsar laisin ba zai ba da fiye da giram 700 na kadabarin ba, ko da babu asara ko kaɗan. Laisin ɗin buhu na abincin kaji kuwa haɗe yake da haidirokulorik asid, nauyinsa 183, don haka kilo ɗaya nasa giram 560 kawai zai bayar. Ɗalibai da yawa a nan suke kuskure, su ɗauki nauyin buhu a matsayin tsantsa, lissafinsu ya tashi da kusan kashi 25 cikin 100 fiye da gaskiya.

Tan ɗaya na nailan 56 yana cin kilo 481 na kadabarin da kilo 688 na adifik asid, ruwa kilo 170 ya fice. Kadabarin ɗin nan kuma yana bukatar kilo 860 na laisin ɗin buhu. Idan aka ƙaddara cewa rabin nauyin sukarin da bakteriya ta ci ne ke zama laisin, ana maganar sukari tan 1.7, wato ɗanyen rogo tan bakwai ko takwas.

A lura da abu guda. Cikin kabon 11 na kowane mahaɗin sarƙar, 5 ne kawai suka fito daga tsiro. Adifik asid har yanzu daga man fetur ake yin kusan dukkansa, shi ya sa nailan 56 kashi 45 cikin 100 ne na tsiro. Idan aka musanya shi da sebasik asid mai kabon 10 na man zurma, sai a sami nailan 510 wanda gaba ɗayansa na tsiro ne.

Me ya fi lalata aikin?

Abu uku. Na farko ma'aunin tsami. Inzayim ɗin ya fi son ruwa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6 a ma'aunin pH, amma kadabarin da yake samarwa alkali ne, irin halin kanwa. Yana aiki yana lalata wa kansa wurin aiki, idan ma'aunin ya haura 8 sai ya yi sanyi. Dole a riƙa ɗiga asid. Dabarar da ta fi kyau ita ce a ɗiga adifik asid ɗin kansa, tunda dama shi za a haɗa daga baya, sai a huta da tarin gishirin banza da salfiyurik asid ke bari.

Na biyu rashin daidaiton tubalan biyu. Sarƙa ba ta yin tsawo sai kusan kowane hannu ya sami abokin ƙulli: idan kashi 99 cikin 100 suka ƙullu, tsawon sarƙa tubali 100 ne, idan 95 ne kawai, tubali 20, kuma wannan ba ya yin zare, farfashewa yake yi. Idan ɗaya tubalin ya fi ɗaya da kashi 1 kacal, sarƙar ba za ta wuce tubali 200 ba komai daɗewarta a wuta. Kadabarin kuma yana bin tururi ya gudu, shi ya sa ake fara dafawa cikin matsi, kuma akan ƙara ɗan rara tun farko.

Na uku datti. Kadabarin yakan lanƙwashe ya kama wutsiyarsa ya zama zobe mai hannu ɗaya. Duk sarƙar da wannan zobe ya kama, ta tsaya ke nan. Ragowar sukari da furotin daga tanki, ko iskar oksijin da ta kutsa tukunya, su ke sa nailan ya fito rawaya ko ruwan ƙasa.

An ce sunan kadabarin daga gawa ya samo asali. Tufafin da aka yi da shi yana da tsarki?

Gaskiya ne sunan daga kalmar Latin mai nufin gawa ya fito, domin likita Ludwig Brieger ya fara gano sinadarin a ruɓaɓɓen nama a Balin a 1885, kuma yana cikin abin da ke kawo warin mushe. Amma na masana'anta ba daga mushe ko wata dabba ake tatso shi ba. Daga sukarin masara ko rogo yake, kamar yadda aka bayyana a tambayar laisin. Bayan an ƙulla shi cikin sarƙa kuma ya tashi daga kadabarin ya zama wani abu dabam, ba wari, ba ya narkewa a ruwa. Wannan shi ne bayanin yadda ake yin sa. Hukunci na malamai ne, kuma wanda zai kai musu tambayar ya kai ta da wannan bayani cikakke, kada ya kai suna kawai.

Ina zurma ta shigo?

Zurma, ko cika-gida, wadda ke fitowa da kanta a bakin juji da gefen fadama, ita ce tushen nailan na tsiro mafi daɗewa a kasuwa. A Faransa aka fara yin nailan 11 a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Rilsan, kuma kamfanin Arkema ne ke yin sa yanzu. Ƙwayar zurma kusan rabinta mai ne, kuma kashi 85 zuwa 90 na man wani asid ne mai kabon 18 da ake kira risinoleyik. Ana haɗa man da metanol, a fasa shi a zafin wajen digiri 500 ya rabu biyu, guntu mai kabon 7 da guntu mai kabon 11. Mai kabon 7 yana tafiya masana'antar turare da man inji. Mai kabon 11 kuma a sa masa buromin a baki, sannan a musanya buromin da amoniya. Abin da ya fito amino asid ne na gaske, mai amin a wannan baki da asid a wancan, sai dai ba ya cikin 20 na jiki. Dafa shi kawai ake yi ya ƙulla kansa, kuma matsalar daidaita tubali biyu ba ta taso ba, tunda kowace ƙwaya da hannayenta biyu ta zo.

Nailan 11 ba ya shan ruwa sosai, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ko an jiƙa shi, yana jure fetur da dizal, kuma yana lanƙwasa ba ya tsagewa. Shi ya sa ake yin bututun mai da bututun birkin iska na manyan motoci da shi, da bututun haƙar mai a teku, da firam ɗin tabarau. Tsadarsa ce ta hana shi shiga zaren tufafi na yau da kullum.

Da gaske ana iya yin nailan daga farin magi?

Ana iya yi, amma har yanzu bai zama kayan kasuwa sosai ba. Farin magi gishirin gulutamik asid ne, wani amino asid mai hannun asid biyu, wanda Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanonsa a Japan a 1908. Idan aka cire masa hannun asid ɗaya, kamar yadda ake yi wa laisin, ana samun amino asid mai kabon 4, a naɗe shi zobe, a buɗe zoben da alkali mai ƙarfi a wurin da babu ɗigon ruwa, a sami nailan 4. Yana shan danshi kusan kamar auduga, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa da na ruwa suna cin sa. Matsalarsa ita ce zafin da yake narkewa, wajen digiri 260, daidai yake da zafin da yake warwarewa ya koma zobe, don haka injin narkawa na yau da kullum lalata shi yake yi.

Akwai ma foli'amaid da bakteriya ke saƙawa da kanta daga gulutamik asid. Bacillus subtilis, wadda ke aikin mayar da kalwa daddawa, ita ce ke yin yauƙin da ke jikin waken natto na Japan, kuma yauƙin nan sarƙar gulutamik asid ce. Tana narkewa a ruwa, ba ta yin igiya.

Tunda daga tsiro yake, zai ruɓe idan aka yar?

Nailan 56, 510 da 11 ba sa ruɓewa. Wannan ita ce fahimtar da ta fi yawan karkacewa, kuma masu talla ba sa gaggawar gyara ta. Kalmar “na tsiro” tana faɗin inda kabon ya fito ne kawai. Ko abu zai ruɓe ko ba zai ruɓe ba ya dogara ga siffar sarƙarsa, kuma sarƙar nailan 11 ta ma fi ta nailan 6 ƙin ruwa. Komar da aka yi da nailan 56 idan ta tsinke a gulbin Rima ko madatsar Goronyo, za ta ci gaba da kama kifi tana kashewa shekara da shekaru daidai da ta man fetur. Akuyar da ta haɗiyi zarensa kuma cikinta ba zai narka shi ba. Nailan 4 ne ya fita daban, an yi bayaninsa a tambayar farin magi.

Ribar muhalli tana wajen yin sa ne, an rage man fetur. Ita ma ba cikakkiya ba ce ga nailan 56, domin yin adifik asid yana fitar da iskar naitiros okzaid wadda ta fi kabon dayokzaid ɗumama duniya kusan ninki 270, sai idan masana'antar ta sa na'urar lalata ta. Wajen sake sarrafawa kuwa nailan 6 ne ya fi sauƙi, ana mayar da shi tubalinsa na asali, kamar yadda kamfanin Aquafil na Italiya ke yi da tsofaffin komaye.

Ta yaya zan tabbatar kayan da aka sayar mini na tsiro ne?

Ido ba ya ganewa, wuta ma ba ta ganewa. Gwajin ƙonawa zai nuna maka nailan ne, don yana janyewa daga wuta ya dunƙule ya bar ƙwallo mai tauri, leda kuwa ɗiga take yi da warin kyandir. Asalin kabon sai gwajin wani nau'in kabon mai raguwa a hankali da ake kira kabon 14, wanda ake yi bisa ƙa'idar ASTM D6866. Tsiron da aka girbe bana yana ɗauke da kabon 14, shi kuwa rabinsa ke ɓacewa duk shekara 5,730, don haka man fetur ba shi da ko kaɗan. Ka nemi takardar wannan gwaji, ka kwatanta da lissafin da ke tambayar adadi. Buhun da aka rubuta PA56 aka ce kashi 100 na tsiro ne, akwai abin tambaya a kansa.

Yaya yake yi da yanayin Sakkwato?

Zafin bazara, ko ya haura digiri 40, bai kusa da zafin narkewarsa ba. Hasken rana da bushewar hunturu su ne abin kula. Rana tana yanka sarƙar nailan kowane iri, igiya ta yi fari ta riƙa gari a hannu. Don aikin waje a zaɓi baƙi, wanda aka cuɗa da baƙin kabon wajen kashi 2 cikin 100, kuma masunta su shanya koma a inuwa.

Danshi kuwa shi ke ba nailan 6, 66 da 56 taushi. Da damina suna shan ruwa su ɗan kumbura, da hunturu su bushe su yi tauri, shi ya sa maɗaurin waya na nailan ke karyewa a hannu a watan Janairu. A ajiye su cikin ledarsu a rufe, ko a zuba ɗan ruwa cikin ledar a bar su kwana ɗaya ko biyu kafin aiki. Nailan 56 ya fi 66 shan danshi, saboda tubalinsa mai kabon 5 ba ya barin sarƙoƙin su jeru su kama juna sosai. Wannan alheri ne a tufafi, yana shan zufa kuma yana karɓar rini da sauƙi, amma a haƙorin giyar inji ko wani abin da ake son awonsa ya tsaya cak, aibi ne. Nailan 11 bai cika damuwa da sauyin yanayi ba. Ruwan batir da bilic suna cin nailan 6, 66 da 56.

Ina da injin narka roba. Zan iya zuba shi yadda nake zuba sauran?

Sai ka busar da shi tukuna. Ƙwayar nailan tana bukatar danshinta ya sauka ƙasa da kashi 0.2 cikin 100, wato awa 4 zuwa 6 a digiri 80 cikin na'urar busarwa mai tsotse danshi. Shanya a rana ba ta wadatarwa, kuma buhun da aka bari a buɗe da damina cikin 'yan awoyi yake komawa gidan jiya. Idan ka narka shi da danshi, ruwan yana kwance ƙullin amaid, wato aikin tukunyar matsi ya koma baya. Alamunsa su ne zane-zane masu ƙyalli a jikin kaya, kumfa, dalala a bakin inji, da kayan da ke karyewa ko da sun yi kyau a ido.

Ka sa zafin bututun inji digiri 20 zuwa 30 sama da zafin narkewar irin da kake da shi, duba tambayar lambobi. Kada ka bar shi a narke cikin inji fiye da minti goma, idan wuta ta ɗauke ka wanke bututun da foli'etilin kafin ka ci gaba. Kada kuma ka cuɗa nailan 11 da 66 wajen niƙa ragowa, tazarar digiri 70 ke tsakaninsu, kafin ɗaya ya narke ɗayan ya fara lalacewa.

Za a iya yin wannan a Sakkwato? Manomi fa, ina rabonsa?

A ɗakin gwaji, ƙwarai. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai iya matsar man zurma, ya auna asid ɗinsa, ko ya yi gishirin nailan ya bi ma'aunin tsaminsa. Masana'antar laisin kuwa tana son wutar da ba ta yankewa, da tururi, da ruwa mai yawa na sanyaya tankuna, tunda bakteriyar digiri 30 take so a garin da inuwa ke kai 40. A ganinmu ba daga nan ya kamata a fara ba. Dawa da gero ma abincin mutane ne kafin su zama abincin tanki.

Zurma ce ƙofar da ta fi kusa. Tana jure ƙarancin ruwa, ba ta gogayya da abinci a tukunya, kuma Indiya, musamman jihar Gujarat mai zafi da fari, da ita ta riƙe kasuwar duniya. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja tana aiki a kan irinta, can ya kamata a nemi iri maimakon tsintar na juji, wanda kwansonsa ke fashewa ya watsar da ƙwaya kafin girbi. A sami mai saye da farashi a rubuce kafin a shuka. A busar da ƙwaya sosai, a guji farfasa ta, don fasasshiyar ƙwaya mai danshi tana ɗaga tsamin mai, mai saye ya rage kuɗi. Ƙwayar da tunkuzar da ta rage bayan matsa suna ɗauke da guba mai suna risin, wadda ba ta bin mai amma tana kashe mutum da dabba. Kada a ba tumaki ko shanu tunkuzar, kada a matse zurma a injin da ake matsar gyaɗa, kuma a ajiye buhunan inda yara ba sa kaiwa.